Naira 390,000 da Kofi: Yadda Aka Raba Kuɗin Teburin Ƙarshe a Wata Gasar Foka a Kaduna

Da yammacin wata Lahadi, bayan an idar da sallar La'asar, ɗan ƙanwata ya yi sallama a gidana da ke Unguwar Rimi tare da wani abokinsa, kuma tun daga yadda suka zauna, kowa ya kama gefen tabarma yana kallon wani wuri dabam, na gane ba gaisuwa kaɗai ta kawo su ba. Ɗan ƙanwar tawa yana aiki ne da wani ƙaramin kamfanin haɗa wutar sola, abokin nasa kuwa yana da shagon sayar da wayoyi a babbar kasuwa, kuma tare suka tashi tun suna firamare a Tudun Wada. Abin da ya shiga tsakaninsu naira 180,000 ce, wato tazarar da ke tsakanin abin da mai shagon yake ganin haƙƙinsa ne da abin da ɗan ƙanwata yake shirye ya bayar. Sun zaɓi su zo wurina ne saboda na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma saboda maganar ba irin wadda za a kai gaban iyayensu ba ce.

Dalilin ɓoye ta a fili yake, domin kuɗin na caca ne. Kafin su gama bayani na faɗa musu abin da duk wanda ya yi karatun allo ya sani game da hukuncin caca a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ban sassauta harshe ba. Amma wa'azin ba zai share tambayar da suka zo da ita ba, kuma abota ta shekara ashirin tana gab da lalacewa a kanta, don haka na ɗauko takarda da biro na ce su ba ni labarin daga farko, da alƙalumansa duka.

A daren Asabar ɗin da ta gabata an yi gasar wasan karta na foka a ɗakin taro na wani otal da ke Barnawa. Mutum 40 suka shiga, kowa ya biya naira 50,000, aka tara miliyan 2, masu shiryawa suka cire 200,000 na ɗaki da ladan masu rabon kati, saura 1,800,000 aka ware wa mutum biyar na ƙarshe: na ɗaya 750,000, na biyu 450,000, na uku 300,000, na huɗu 180,000, na biyar 120,000. A irin wannan gasa ba da tsabar kuɗi ake wasa ba. Ana ba kowa kwandalolin roba masu daraja iri ɗaya, a nan 10,000 ga kowane mutum, wanda nasa suka ƙare ya fita, kuma ba a tashi sai mutum ɗaya ya tattara duka 400,000 ɗin a gabansa. Domin kada wasa ya yi ta jan ƙafa, akwai zubin dole da mutum biyu suke sakawa kafin kowane rabon kati, kuma ana ƙara shi lokaci bayan lokaci. Ɗan ƙanwata ba shi da cikakken kuɗin shiga, saboda haka mai shagon ya ba shi 25,000 a kan sharaɗin cewa duk abin da ya samu za su raba biyu. Da baki aka yi wannan magana, a bakin shago, babu shaida.

Ƙarfe biyu na dare ta gota lokacin da aka rage mutum uku, da naira 1,500,000 da ba a riga an san mai ita ba. Akwai wani dattijo ɗan kwangila mai kwandala 240,000, wato kashi 60 cikin 100 na abin da ke kan tebur, da wani ma'aikacin banki mai 100,000, sai ɗan ƙanwata mai 60,000. Zubin dole ya kai 5,000 da 10,000, ma'ana duk zagaye ɗaya na rabon kati uku yana cin 15,000, kwatan abin da yaron yake da shi, ko da bai taɓa katinsa ba.

Ɗan kwangilar ne ya fara kawo maganar sulhu. Ya ce, "Yara, dare ya yi, kuma kowa yana da iyali. Kowa ya ƙirga abin da ke gabansa, a raba kuɗin a kan haka, mu tafi gida." Maganar tana da daɗin ji, domin ta yi kama da yadda ake raba ribar haɗin gwiwa a kasuwa, kowa gwargwadon jarinsa. Sai dai da aka buga lissafin, kashi 60 na 1,500,000 ya ba shi 900,000, ma'aikacin banki 375,000, ɗan ƙanwata 225,000. Ma'aikacin bankin ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ka cinye mu duka ai 750,000 za ka ɗauka. Ta yaya sulhu zai ba ka abin da nasara ba za ta ba ka ba?" Bai ambaci ɗaya ɓangaren ba, wanda ya fi muni: yaron da aka yi wa tayin 225,000 ya riga ya mallaki 300,000 ko da a rabon kati na gaba aka fitar da shi.

Wannan kuskure shi ne tushen duk rikicin rabon kuɗi a teburin ƙarshe, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Kwandalar gasa ba kuɗi ba ce, kuma darajarta ba ɗaya ba ce a hannun kowa. Wanda ya tattara kwandala 400,000 gaba ɗaya, kashi 100 cikin 100, naira 750,000 kawai zai karɓa daga cikin 1,800,000, abin da bai kai kashi 42 ba. Wanda kuwa ya rage da kwandala ɗaya tak a cikin mutum uku, wannan kwandalar tana riƙe masa kujerar da ba za ta gaza 300,000 ba, har da damar wani ya riga shi fita ya haye zuwa 450,000. Saboda haka duk kwandalar da mai yawa ya ƙara a kan tarinsa ba ta kai ta baya daraja ba, ƙwayoyin da ke hannun mai kaɗan kuma sun fi tsada. Dokar kasuwa ta jari da riba ba ta aiki a nan.

Ma'aikacin bankin ya mayar da nasa tayin, cewa a raba daidai wa daida, kowa 500,000. Ɗan kwangilar ya ƙi nan take, kuma yana da gaskiya, domin babu dalilin da zai sa mutumin da ya ninka wani sau huɗu ya tashi da abin da wancan ya tashi da shi. Rabon daidai yana da ma'ana ne kawai idan tarin kowa ya yi kusa da na juna. Daga nan mai kula da gasar ya kawo hanya ta uku, wadda aka fi sani a irin waɗannan wurare: kowa ya fara ɗaukar 300,000 da ya riga ya tabbata nasa ne, sauran 600,000 kuma a raba gwargwadon kwandala. Wannan ya ba ɗan kwangila 660,000, ma'aikacin banki 450,000, ɗan ƙanwata 390,000. A ido rabon ya yi kyau, babu wanda ya haura kyautar farko, babu wanda ya gaza ta uku.

Tambayar yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin ya ƙare tsohuwa ce ƙwarai, kuma daga gare ta ne ilimin ƙiyasin yiwuwa, wanda nake koya wa 'yan aji biyar, ya samo asali. A 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya ba da amsar cewa a raba gwargwadon zagayen da kowa ya riga ya ci, amsar da take 'yar uwar tayin ɗan kwangilar nan ce, domin duka biyun baya suke kallo. Sai a 1654, cikin wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa, aka gane cewa abin da ya kamata a auna shi ne abin da zai iya faruwa da an ci gaba: a jera duk hanyoyin da wasan zai iya ƙarewa, a ga kowace hanya nawa take ba kowa, a auna ta da yiwuwarta. A 1973 David Harville ya fitar da hanyar ƙiyasta wanda zai zo na biyu da na uku a tseren dawakai, irin sukuwar da ake yi da can a filin da yanzu ake kira Dandalin Murtala, sannan a 1987 Mason Malmuth ya sake gano wannan hanya da kansa ya ɗora ta a kan gasar foka. 'Yan wasa sun san ta da haruffan ICM, ni kuwa na fi son in kira ta lissafin darajar kujera, kuma akwai manhajojin waya da suke yin ta cikin daƙiƙa guda. Babu wanda ya buɗe irin wannan manhaja a daren nan.

Ga yadda na yi musu lissafin a kan takarda. Ana ɗauka cewa damar zama na ɗaya daidai take da kason kwandalar mutum: 60 ga ɗan kwangila, 25 ga ma'aikacin banki, 15 ga ɗan ƙanwata. Don a san damar yaron ta zama na biyu, sai a ce idan ɗan kwangila ne ya ci, an cire tarinsa, yaron yana da 60,000 cikin 160,000 da suka rage, wanda idan aka auna shi da kashi 60 ɗin ya ba da 22.5, idan kuma ma'aikacin banki ne ya ci, yaron yana da 60,000 cikin 300,000, wanda aka auna da kashi 25 ya ba da 5. Jimla 27.5 ke nan. Abin da ya rage, kashi 57.5, shi ne damar ya fita na uku. Idan aka ninka kowace dama da kyautarta aka haɗa, 112,500 da 123,750 da 172,500, kujerar yaron ta kama naira 408,750. Ta wannan hanya kujerar ma'aikacin banki ta kama kimanin 475,400, ta ɗan kwangila kuma kimanin 615,900.

Da aka ajiye waɗannan alƙaluma kusa da tayin mai kula da gasar, sai ya bayyana cewa rabon da ya yi kyau a ido yana ɗebe kusan 25,400 daga ma'aikacin banki da 18,750 daga ɗan ƙanwata, yana zuba wa ɗan kwangila kimanin 44,100. Dalili kuwa shi ne rabon ya manta da kyauta ta biyu: ya ɗauki 600,000 ɗin nan tamkar dunƙule ɗaya da mai nasara zai kwashe, alhali 150,000 daga ciki na wanda ya zo na biyu ne, kuma masu ƙananan tari suna da babban rabo a wannan matsayi. Da mutum biyu ne suka rage, hanyoyin biyu da amsa ɗaya za su bayar, wannan ne ma ya sa mutane da yawa suke zaton kullum haka ne.

Ma'aikacin bankin bai yi wannan lissafi ba, amma sana'arsa ta koya masa shinshino inda ake ƙwarar mutum. Ya tsaya kai da fata cewa 450,000 ita ce kyauta ta biyu, kuma ba zai sayar da damarsa ta zama na ɗaya a banza ba. Bayan ja-in-ja na kusan minti goma ɗan kwangilar ya ƙara masa 30,000 daga nasa kason. Aka tashi a kan 630,000 da 480,000 da 390,000. Duk wanda ya duba zai ga ɗan kwangila ya haura darajar kujerarsa da kimanin 14,100, ma'aikacin banki ya haura tasa da kimanin 4,600, kuma jimlar biyun ita ce 18,750 ɗin da ta fita daga aljihun mutum ɗaya da bai buɗe baki ba.

Na tambaye shi abin da ya hana shi magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, mutumin nan sa'an Baba ne, kuma shi yake ba ogana aiki. Ta yaya zan tsaya ina ciniki da shi a kan dubu ashirin a gaban mutane?" Wannan amsa ta fi lissafin duka muhimmanci a wurina. Littattafan da aka rubuta a kan wannan wasa suna ɗauka cewa baƙi ne suke zaune a tebur, kowa ba ya jin nauyin kowa, kuma ƙa'idar ko'ina ita ce ba a yin sulhu sai kowa ya yarda, mutum ɗaya ya ce a'a an ci gaba da wasa. A garinmu wannan 'yanci na cewa a'a ba daidai yake a hannun kowa ba. Yaro ɗan shekara ashirin da bakwai da ke zaune gaban dattijon da abincinsa yake bi ta hannunsa, da tsakar dare, mutane sun kewaye su suna jiran a tashi, kunya ta riga ta karɓe masa rabin ƙuri'arsa. Ban ce dattijon ya yi niyyar cin zalinsa ba, domin na fi zaton shi ma bai san lissafin ba, amma girmansa ya yi masa ciniki ko bai nema ba.

Duk da haka ban ga laifin yaron ba a kan amincewa da sulhu shi kansa, farashin ne kawai ya yi araha. Lissafin darajar kujera matsakaici yake bayarwa, abin da mutum zai samu da za a maimaita daren nan sau dubu, shi kuwa sau ɗaya zai yi shi. A wannan sau ɗayan, abin da ya fi yiwuwa, fiye da rabi, shi ne ya tashi da 300,000. Sulhun ya tabbatar masa da ƙarin 90,000 a kan haka, kuɗin da ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a ƙasar nan a 2024. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ga mai ƙaramin albashi wannan ba tsoro ba ne, hankali ne. Abin da ya bari, 18,750, bai kai kashi 5 cikin 100 na darajar kujerarsa ba. Ga ɗan kwangila kuwa, wanda 750,000 ba za ta canza masa komai ba, sulhu ba shi da wani amfani sai na barci, shi ya sa mai wadata kullum yake da ƙarfi a irin wannan ciniki: yana iya cewa a ci gaba ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Akwai kuma masu ƙin sulhu saboda suna ganin sun fi sauran iya wasa, kuma gaskiya ne lissafin bai san gwani ba, bai kuma san wanda zubin dole zai faɗa wa a rabo na gaba ba. Amma gwaninta tana bukatar fili. A teburin nan duk kwandalolin da ke akwai ninki 40 ne kacal na babban zubin dole, yaron kuma ninki 6 gare shi, wanda ke nufin dabararsa ta ragu zuwa zaɓi biyu, ya zuba duka ko ya ajiye kati. Ko inda fili yake da faɗi, yarda da kai tana iya kayar da mutum. A babbar gasar duniya ta Las Vegas a Amurka, a 2003, wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ba a san shi ba, ya yi wa gogaggen ɗan wasa Sammy Farha tayin su raba kuɗin lokacin da suka rage su biyu, Farha bai karɓa ba domin yana ganin ya cancanci fiye da haka, daga bisani akantan ya ɗauki dala miliyan 2.5, gwanin ya tashi da miliyan 1.3.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba su zo gidana ba. Manyan gasanni da dama a Turai suna yarda da sulhu a gaban shugaban gasa, a rubuce, tare da sharaɗin a bar wani kaso a tebur domin sauran wasan ya zama na gaske, yayin da masu shirya gasar Las Vegas suka daɗe ba sa sa hannu a irin wannan yarjejeniya a hukumance. A Barnawa ba a bar ko sisi ba, ba a kuma rubuta komai ba, kofi kaɗai ya rage. Ɗan kwangilar ya riƙa zuba duka ba tare da ya duba katinsa ba, ma'aikacin bankin yana waya yana neman wanda zai kai shi gida, cikin kwata ɗaya na awa ɗan ƙanwata ya tattara kwandalolin duka. Aka ɗauke shi hoto da kofi, ya ɗora a WhatsApp, mai shagon ya gani bayan sallar Asuba, kuma da yake ya san kyautar farko 750,000 ce, kafin gari ya waye ya riga ya kasafta 375,000 a ransa. Da hantsi aka turo masa 195,000.

Hujjarsa, kamar yadda ya faɗa mini, ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Kawu, ni rabin wasansa na saya, ban sayi rabin sulhu ba. Wayata tana kunne, bai kira ni ba. Ya sayar da kayana ba da izinina ba, sannan kuma ga shi ya zo na ɗaya." Na ce masa magana biyu ya haɗa a wuri ɗaya, kuma sai an raba su.

Ta farko ita ce cewa yaron ya zo na ɗaya, saboda haka kuɗin na ɗaya ya kamata a raba. Wannan ba ta tsaya ba. Wasan da aka yi bayan sulhu ba shi ne wasan da za a yi ba da kuɗin suna nan, domin dattijon da yake zuba duka ido rufe ba zai yi haka ba idan akwai tazarar 450,000 tsakanin na ɗaya da na uku. Kofin shaida ne cewa mutum biyu sun ƙosa su tafi gida. Ko a inda aka ci gaba da wasa da gaske, kofi da kuɗi suna iya rabuwa: a Landan a 2019, a gasar Triton da kuɗin shigarta ya haura fam miliyan ɗaya, Bryn Kenney ɗan Amurka da Aaron Zang ɗan ƙasar Sin sun yi sulhu lokacin da Kenney yake da gagarumin rinjaye, sannan Zang ya juya wasan ya ɗauki kofi da kimanin fam miliyan 13.8, Kenney da ya zo na biyu ya tafi da kimanin miliyan 16.9, kuma babu wanda ya ce a sake lale. Sannan na yi masa tambaya ɗaya: da abokin naka ya fita na uku bayan sulhun, 150,000 za ka karɓa, rabin kyauta ta uku, ko 195,000? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce 195,000 zai karɓa. Na yaba masa da bai yi ƙarya ba, na kuma nuna masa cewa wanda zai ci amfanin sulhu idan abu ya ɓaci ba zai yi watsi da shi ba don abu ya yi kyau.

Magana ta biyu, cewa ba a nemi izininsa ba, ita ce mai ƙarfi, kuma a kanta na ba shi gaskiya. Rabin kujerar nan tasa ce, kuma wanda aka ba amanar jari ba ya sayar da shi ƙasa da farashinsa don ya kare mutuncin kansa a gaban wani. Kiran waya na minti ɗaya ya isa, kuma da ya yi wa yaron amfani ta wata fuskar, domin da ya samu abin fakewa: "Ranka ya daɗe, ba ni kaɗai ba ne, ina da abokin tarayya, ya ce sai 410,000." Dattijo ba zai ji haushin wannan ba kamar yadda zai ji na ciniki kai tsaye. Amma asarar da rashin kiran ya jawo tana da iyaka, kuma ana iya auna ta. A lokacin da aka yi sulhun, rabin kujerar ya kai 204,375, aka ba shi 195,000, saboda haka abin da ya yi ciwo 9,375 ne, ba 180,000 ba.

Ya ɗan taɓa maganar kai ƙara, ba da gaske ba, na kuwa tuna masa cewa a 2006 Jamie Gold ya ci dala miliyan 12 a gasar Las Vegas, wani mai suna Crispin Leyser ya kai shi kotu a kan alƙawarin baka na raba kuɗin biyu, kotu ta riƙe miliyan 6, kuma sai a farkon 2007 suka sasanta a wajen kotu. Can ke nan, inda wasan yake bisa doka kuma akwai saƙon murya da aka gabatar a matsayin shaida. Shi kuwa ba shi da takarda, ba shi da shaida, kuma na tabbata ba ya son ya tsaya gaban alƙali a Kaduna ya bayyana irin hajar da ya zuba jari a cikinta.

Hukuncin da na yanke shi ne ɗan ƙanwata ya cika masa 10,000, kasonsa ya zama 205,000, shi ya riƙe 185,000. Yaron ya yi ƙorafin cewa shi ya kwana a zaune amma ya tashi da ƙasa da wanda ya kwana a gado, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na ce masa kunyar da ya ji a gaban dattijon tasa ce shi kaɗai, don haka shi zai biya kuɗinta duka, ba za a raba ta biyu ba. A nan kan tabarma ya tura kuɗin, muka ji ƙarar shigarsu a wayar mai shagon. Da za su tafi ya zaro 5,000 zai ajiye mini a matsayin tukuici, na ce ya mayar aljihunsa, ya san dalili. Kofin kuwa bai iya shiga da shi gidan mahaifiyarsa ba, don haka yana can shagon wayoyi a kasuwa, a ƙarƙashin kanta, cikin kwalin caja.